Ja ko Baƙi a Injin Bawa

Tun da ɓarin jikin Bawa ya shanye, injin niƙan da ke ƙofar gidansu ya koma hannun matarsa Zara'u. Ba ita ta nema ba. Ƙauyen nasu na bayan garin Sarkin Hausa ba shi da wani injin, gidan kuma ba shi da wata hanyar abinci. Ta koyi tayar da shi da zuba masa gazuwal, wato man da yake sha, amma abin da ke cikinsa Bawa kaɗai ya sani, shi kuwa harshensa ya tafi tare da hannun dama. Kalma ɗaya ta rage masa, "a'a". Da ita yake neman ruwa, da ita yake godiya.

Ana tsakiyar damina, wata safiya Zara'u ta tarar da baƙin mai ya malale a gindin injin. Juwan ɗin murfin gefe ne ya fashe, siririn kwalin nan da ke hana mai zuba. Sabon juwan sai a garin Mayahi, ga shi ruwa ya cika fadama ya datse hanya, ko moto ba ta wucewa. Lamine, ƙanen Bawa, wanda ke ɗan taimaka mata, yana can ƙetare ya kasa dawowa.

Ta kira shi a waya.

"Ki yanka kwali daidai da tsohon, Yaya," in ji Lamine. "Ki shafa mai man liƙi. Akwai shi cikin akwatin kayan aiki."

"Biyu na gani, ja da baƙi. Wanne?"

"Wallahi ban taɓa lura ba. Ki tambayi mai shi."

Ta kwashi bututun biyu ta shiga ɗakin da Bawa ke kwance. Ya daɗe bai taka waje ba, don ba ya son a gan shi baki a karkace. Ta durƙusa ta nuna masa.

"Malam, wanga ko wanga?"

Ya dubi jan, ya dubi baƙin. Hannunsa na hagu ya taso da ƙyar, ya buge jan har ya faɗi kan tabarma. "A'a," ya ce. Ta rasa ko zaɓa ya yi ko turewa. Ta sake tambaya, ya sake faɗin abin da ya faɗa, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa. A waje kuma mata sun jera ƙore da kwanonin hatsi a inuwar rumfa, wata na cewa maigidanta na gona tun asuba ba fura.

Zara'u ta yanka kwali, ta ɗauki jan. Ta matse shi duka a kan kwalin, ta lafta shi da kauri don a ganinta yawa shi ne ƙarfi, ta ɗaure murfin, ta tayar da injin nan take. Ya niƙa kwano biyu lafiya. A na uku sai jan abin ya fara bulbulowa ta gefe kamar miya, mai na bin bayansa. Ta kashe. Matan suka kwashi hatsinsu suka koma ga turmi.

Ta daɗe zaune kan buhu tana kallon hannayenta. Ba ta iya barin injin, ba ta iya gyara shi, wanda ya iya kuma yana kwance bayan katanga ɗaya. Da la'asar ta tura baron ɗaukar hatsi har ƙofar ɗaki, ta shimfiɗa bargo a ciki.

Bawa na ganin baron ya gane. Ya juyar da kai bango.

"Ka yi haƙuri, Malam. Na koro kowa, na saki asabari. Ni da kai ne."

Da ƙyar ta cicciɓe shi. Bai taimaka ba, bai kuma hana ba. Da suka shiga rumfar, warin gazuwal ya buge shi, sai idanunsa suka ciko. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta kwance murfin.

Ya miƙo hannun hagu ya shafa bakin ƙarfen, ya nuna mata ɗan yatsansa da ya ɓaci. Ta kankare, ta goge da tsumma, ya sake shafawa, ta sake gogewa, har ƙarfen ya bushe ƙayau. Ta yanka sabon kwali. Jan ya ƙare, sai baƙin man liƙin; da ta matso shi da yawa, sai ya kama wuyan hannunta ya danne. Ya dangwali kaɗan ya ja a hankali, siriri kamar kwallin ido. Ta bi yadda ya yi har ta zagaye. Wajen ɗaure ƙusoshi ya hana ta bin su a jere, ya riƙa nuna wannan, sannan wanda ke fuskantarsa. Da ta kai hannu za ta tayar, ya ɗora tafinsa kan injin ya ƙi ɗagawa. Ta fahimta, ta bar injin ya kwana don man liƙin ya bushe.

Washegari injin ya tashi. Mai bai zuba ba, sai ɗan damshi a kusurwa ɗaya, wanda take gogewa kowace safiya. Ba ta taɓa sanin ko jan ne ya so tun farko ba. Ta tambaye shi sau da dama daga baya, har ta ga tambayar na ɓata masa rai, ta daina.

Ruwan fadama ya ƙara kwanaki kafin ya janye. Da Lamine ya iso da sabon juwan a aljihu, ya tarar da ita fari fat da gari, layin kwanoni har bakin hanya. Ta karɓa ta jefa cikin akwati, ta ce masa ya shiga ya juya yayansa, don tun hantsi yake kwance a gefe ɗaya, ita kuwa ba ta samu ta leƙa ba.