Awon Hanjin Malam Zaidu

Tun ranar da wansa Bukar ya yanke jiki ya faɗi a bakin tukubarsa ta unguwar Grand Hangar, ko shurawa bai yi ba, hankalin Malam Zaidu bai sake kwanciya ba. Shi ma mai tsire ne, a unguwar New Bell. Da aka auna jininsa sai aka ce kitsen nan da ake kira kolestirol ya yi masa yawa, irin wanda ya toshe wa Bukar jijiyar zuciya. An ɗora shi a kan magani, hantarsa ta ƙi ɗauka, aka dakatar.

Sai wata likita 'yar Garwa, Dakta Hadija, ta kira shi ofishinta a unguwar Bonamoussadi.

"Baba, a da an ɗauka hanta ce kaɗai ke fitar da wannan kitse. Yanzu an gano hanji ma yana tsamo shi daga jini, ya zubar ta bayan gida. Muna bincike ne, muna so mu auna nawa naka yake fitarwa."

"Zai warkar da ni?"

"A'a, awo ne kawai. Amma duk mako za mu riƙa duba ka."

Don wannan dubawar ya yarda. Ya haɗiyi ƙwayar gwaji, aka ɗebi jininsa, aka ba shi robobi masu murfi da zai riƙa kawo bayan gidansa a ciki.

Rana ta huɗu da hantsi, yana bayan mai babur zai kai robar asibiti a cikin leda, suna cikin cunkoson shataletalen Deido, sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure. Gumi ya keto masa, hannun hagu ya yi nauyi. Ya ƙanƙame ledar, yana kalmar shahada ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi tsaya masa a rai, in ya faɗi a nan mutane za su buɗe ledar su ga abin da ya ɗauko.

"Ɗan'uwa, yi sauri, don Allah," ya ce da ƙyar.

Mai babur ya waiwayo sau ɗaya, ya haye gefen titi.

A asibiti aka tarar wata jijiya ta kusa toshewa, aka ba shi gado kwana shida. Matarsa Nana ta dage ƙwayar nan ce ta jawo. Dakta Hadija ta zauna ta yi mata bayani har sau biyu cewa ba ƙwayar ba ce, Nana ta ce ta ji, amma mijinta ya gama da binciken nan.

 Har yanzu Zaidu bai koma sana'a ba. Da safe yakan zauna a ƙofar gida, tafin hannu a ƙirji, yana sauraro.