Wannan Ba Zara Ba Ce

Farfesa suke ce mini a gida. Yayana ne ya laƙaba mini sunan tun ina firamare, ranar da na gyara masa lissafi a gaban abokansa. Da zolaya ya fara, ni kuwa na riƙa amsawa da gaske. Da na gama jami'a na fara koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata, sai na ga ai sunan bai yi mini yawa ba.

A hawa na uku muke zaune, a wani dogon bene da ke kusa da filin jirgin sama. Jiragen ta gabas suke saukowa, ta bayan ɗakin girkinmu. Mun saba da su har Umma takan tsaya a tsakiyar magana, kofuna su gama rawa a kan kanta, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya.

Baba mai gyaran agogo ne, ko in ce ya yi gyaran agogo. Shekara biyu ke nan ganinsa yana raguwa. Da farko ƙananan kusoshi ne suka riƙa ɓace masa, daga baya fuskar agogon kanta. Abin da ya rage masa shi ne haske mai ƙarfi. Shi ya koya mini sunayen taurari ina ƙarama, a kan rufin benen nan, kuma wadda ya fi so ita ce Zara, mai haske fiye da kowa.

Ina da fitilar leza mai kama da alƙalami, koriya, wadda nake nuni da ita a allo. Mai ƙarfi na saya, don ajina babba ne kuma rana tana shigowa ta taga. Ranar farko ta kowane zango sai na ɗaga ta na ce wa ɗalibai, "Wannan ba abin wasa ba ne. Duk wadda ta haska idon wata, ta bar ajina." Na san abin da take yi wa ido. Har zanensa nake yi musu.

Ranar wata Talata, rana ta faɗi ke nan, na hau da Baba rufi ya sha iska. Can yamma, saman tankunan ruwa, na hango wani haske fari tas, tsaye cak, ba ya ƙiftawa.

"Baba, ga mutuniyarka ta fito."

"Wa?"

"Zara."

Ya yi dariya. "Farfesa, a wannan watan? Ai yanzu da asuba take fitowa. Sai nan gaba za ta dawo yamma."

"Ga ta ina kallo."

"Ko me kike kallo, wannan ba Zara ba ce."

"Baba, kai fa ba ka ganinta, ni ce mai ido. Kuma ni na karanta abin nan."

Har yau ina jin muryata a wannan maganar. Na ciro fitilar daga jaka, na ɗora hannuna a kan kafaɗarsa don kada ya yi rawa, na danna. Koren layi ya miƙe har sama.

"Bi layin nan da idonka. Tana ƙarshensa."

"Ina ganin layin," in ji shi a hankali. Muryarsa ta yi laushi, don ya daɗe bai ga komai a sama ba. Shi ya sa ban saki ba. Na riƙe, na riƙe, ina jira ya ce ya gan ta.

Sai hasken ya rabu biyu. Ja ya fito a gefe ɗaya. Sannan ƙarar ta iso, jirgin ya ɗaga hanci ya koma sama, ya wuce ta kanmu har rufin yana girgiza. Ban san ana gyaran titin da suka saba sauka ba, an juya su ta yamma a makon. Jirgin da ya nufo ka kai tsaye ba ya motsi a ido, tsayawa yake kamar tauraro. Wannan ma na sani. Yana cikin littafin da nake koyarwa.

Baba ya lalubo hannuna muka sauka.

Washegari ina tsakiyar darasi, jan alli a hannu ɗaya, fitilar a ɗaya, shugabar makaranta ta leƙo da 'yan sanda biyu a bayanta. Matuƙin jirgin ya ba da rahoto, kyamarar gidan mai da ke ƙasanmu ta nuna rufin da layin ya taso. Ɗalibai hamsin da biyu suka miƙe tsaye don gaida baƙi, kamar yadda na koya musu. Ban sunkuyar da kai ba. Na rubuta musu aikin gida a allo, na sa fitilar a ledar da ɗan sandan ya buɗe, na wuce gaba suka biyo ni.

Kwana uku na yi kafin a ba da belina. Yaya ne ya ɗauko ni a tasinsa, Umma tana baya tana share ido da gefen mayafi.

"Ni dai ban gane ba," in ji ta. "Reza kuma? Wa kika yanka?"

"Leza, Umma, ba reza ba," in ji Yaya. "Farfesa ce ta harbo jirgi da tocila. Kin haifi sojan sama ba ki sani ba."

Ya kalle ni ta madubi yana jiran in rama kamar kullum. Da ya ga fuskata sai ya kunna rediyo.

Lauyan da aka samo mini dattijo ne mai yawan tari. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne, fayiloli har kan kujerar baƙi, sai da ya kwashe su na zauna.

"Malama, bari in gaya miki ba ɓoye-ɓoye. Haska jirgi da wannan abu laifi ne babba, yana iya kai mutum shekara biyar, ga kuma biyan tara. Kuma ko kwana ɗaya aka yanke miki, hukumar malamai za ta soke sunanki. Kin bar aji ke nan har abada."

"Ban san jirgi ba ne."

"Na yarda. Amma daƙiƙa goma sha huɗu kika riƙe shi a wuri ɗaya. Za su ce ko kin sani, ko kin yi ganganci. Kuskure ana iya yafe shi, ganganci ba a yafewa. Wa ke tare da ke?"

"Mahaifina."

"Madalla. Zai ce ku biyun kun zaci tauraro ne. Dattijo, mai lalurar ido, 'yarsa tana nuna masa sama. Wane alƙali ne ba shi da uba?"

"Ya ce mini ba tauraron ba ne."

Ya ajiye alƙalaminsa. "Ya ce miki?"

"Sau biyu."

Ya yi tari mai tsawo, ya kalli taga. "Ban ji wannan ba, Malama. Kunnena ya tsufa. Ki je ku yi magana da shi."

Ba sai da na yi maganar ba. Yaya ya riga ya kai wa Baba labarin abin da lauyan yake so ya faɗa. Baba yana zaune a bakin tebirinsa na da, yana juya wani agogon da ba zai taɓa gyaruwa ba.

"Zan faɗa," in ji shi. "Mene ne a ciki? Magana ce guda."

"Rantsar da kai za a yi, Baba."

"To, a rantsar. Ajin naki fa? Don me na yi shekara talatin ina ƙura wa kusoshi ido?"

Wannan mutumin, in aka kawo masa agogon da batiri kawai ya mutu, ba ya iya cewa ya gyara komai. Kwana huɗu kafin zaman kotu na zo wucewa ta ƙofarsa da kwandon wanki, na ji yana magana shi kaɗai.

"Mun zaci tauraro ne, ranka ya daɗe. Mun zaci… Ni da ita mun zaci tauraro ne."

Ya tsaya, ya gyara murya, ya sake. Kamar ɗalibar da ba ta gane darasi ba tana hadda. Na tsaya a nan har hannuna ya gaji da kwandon.

Ranar zaman kotu, matuƙin jirgin aka fara kira. Na so ya zama mai girman kai don in ji daɗin ƙin sa, sai ga wani siririn mutum mai furfura a gefen kai, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce saura ƙasa da minti biyu su taɓa ƙasa, ɗakin tuƙi ya cika da kore kamar an watsa fenti a gilashi. Bai ga titi ba, bai ga allon da ke gabansa ba. Mataimakinsa ya kare fuska da hannu, shi ya karɓi jirgin ya mayar da shi sama da ido ɗaya a rufe. Mutum ɗari da arba'in da shida ne a bayansu. Shi kuma mako uku likita ya hana shi tashi, wani baƙin ɗigo yana bin duk abin da ya kalla.

"Ina rufe ido ina ganinsa," in ji shi. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Da aka zo kaina, na ba da labarin yadda ya faru. Mai gabatar da ƙara, wata mace da ba ta fi ni da shekara biyar ba, ta taso da takarda ɗaya a hannu.

"Malama, kin san illar wannan fitilar ga ido?"

"Na sani. Ina koyar da ita."

"Kin san gidanku yana kusa da filin jirgi?"

"A can aka haife ni."

"Kafin ki danna, akwai abin da ya sa ki shakkar cewa tauraro ne?"

Lauyana ya fara tari. Na hango Baba a benci na biyu tsakanin Umma da Yaya, sanye da rigarsa mai kyau, leɓɓansa suna motsi. Yana ta haddarsa.

"Mahaifina ya gaya mini ba Zara ba ce. Ya ce ba lokacinta ba ne. Na ce masa ni na yi karatu."

Ita kanta mai tambayar sai da ta sake duba takardarta. Ba a kira Baba ba, ba sauran abin da zai faɗa.

Alƙali ya ce ya yarda ban yi nufin cutar da kowa ba. Ya ce amma wadda ta san ƙarfin abin da ke hannunta, aka gargaɗe ta, ta ƙi ji, ba kuskure ta yi ba. Wata tara a gidan yari, da biyan tara. Umma ta fasa ihu. Ni na miƙe tsaye sosai, na ce na gode, don kada a ce an ga Farfesa tana kuka.

A ciki sunana ya koma Mai Harbin Jirgi. Na wanke banɗakuna, na koyi barci da fitila a kunne, na koyi cin abinci da sauri. Ban roƙi kowa komai ba. Takardar hukumar malamai ta same ni a wata na biyu, layi huɗu ce, har da kuskuren rubutu a layi na uku. Na gyara shi da fensir, na ninke ta na sa ƙarƙashin katifa. Wata gandiroba ta ce in riƙa koya wa matan karatu. Na je sau ɗaya, na ɗauki alli, hannuna ya ƙi tashi. Ban koma ba.

Umma da Yaya suna zuwa. Baba bai zo ba. Suka ce matakalar bene ce take ba shi wahala. Sai da na fito na tarar hasken da ya rage masa ma ya tafi.

Yanzu a shagon buga takardu nake aiki, ina juya shafuka a kan inji. Wani lokaci tsofaffin ɗalibaina sukan kawo takardun jarrabawa. Wasu su gaishe ni, wasu su yi kamar suna duba waya. Ina miƙa musu takardunsu da ɗumi, ba na duba amsoshin.

Jiya bayan faɗuwar rana Baba ya ce in hau da shi rufi. Muka hau a hankali, yana ƙirga matakala. Ya zauna, ya juya fuskarsa yamma daidai, ba wanda ya nuna masa.

"Da kin bari na faɗa," in ji shi. Bai taɓa tayar da maganar ba sai ranar.

"Da ba ka iya ba."

"Da na iya. Na haddace."

Iska tana kaɗa wankin maƙwabta.

"Lokacinta ya yi yanzu," in ji shi. "Duba mini saman tankunan. Ta fito?"

Na ɗaga kai. Haske biyu ne a wurin, farare, ɗaya sama da ɗaya, duk a tsaye. Na jira ɗaya ya motsa. Na jira har idona ya kawo ruwa.

"Farfesa?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da fuskantar yamma. Can sai na ji ƙarar ta fara tasowa.