Gogen da Ya Kai Amarya Gonar Kabeji

Ayarin bikin da ya tashi daga gidan Floare Ardelean ranar Asabar da hantsi coci ya nufa, amma a tsakiyar gonar kabeji ya tsinci kansa. Ba wanda ya ji ciwo. Mai jan ayarin, kamar kullum, Traian Bodea ne, mai gogen ƙauyen Brusturel da ke lardin Bihor.

Traian ya tsufa da gogensa mai ƙaho, wanda aka dasa wa bakin kakaki na tagulla don a jiyo shi daga tsallaken kwari. Tun yana saurayi shi ke kai amaren ƙauyen coci, ido rufe, bai taɓa kauce hanya ba. Abin da bai sani ba, nauyin ƙahon yana rinjayarsa hagu, ƙafafunsa kuma sun daɗe da koyon turawa dama don a tafi daidai. Tsakaninsu suka shirya wannan, ba su gaya masa ba.

Ana saura kwanaki biki Floare, uwar amarya, ta shigo gidansa da wani gogen katako naɗe a tawul. Na marigayi babanta ne.

"Bade Traian, da wannan za ka kai Anuta coci," in ji ta, da lakabin da ake girmama dattijo da shi a can. "In an dawo wurin rawa, ka ɗauko bututunka ka kurumtar da wanda ka ga dama."

"Goge biyu a biki ɗaya, Floare? Wuyana nawa?"

"To shi ke nan. Nelu ya ce zai ɗoro piyanonsa mai batir a bayan mota, ya ja ayarin da lasifika."

Nelu, makaɗin zamani, ya riga ya ƙwace bukukuwan ƙauyukan makwabta, Brusturel kaɗai ta rage. Traian ya miƙa hannu ya karɓi gogen.

A kicin ya yi gwajinsa, a zaune. Ya ce gogen ba nauyi, kamar mutum ya saɓa cokali. Ya ce muryarsa ta sauro ce. Yatsunsa suka yi ta neman tsirkiya inda ba ta, izgar kuma tana zamewa.

"Yau ne karon farko da kake kiɗa nake jin tafasar tukunya," in ji matarsa Saveta.

Kafin jajibirin biki hannu ya faɗa. Saveta ta tsaya kansa da ludayi.

"Tashi ka gwada da tafiya mana, tsoho."

"Tafiya za ki koya mini? Kina rarrafe nake kai amare coci."

Bai tashi ba.

Ranar Asabar aka jeru: Traian a gaba, Gavril mai ganga a bayansa ta hagu, sai amarya da ango, sai uban biki, sai sauran jama'a da kwalabensu na barasar palinka. Ba a shan gaban mai goge, kuma ayarin amarya ba ya juyawa baya, in ba so ake auren ya juya ba. Traian ya rufe ido ya ja izga.

Tun daga bakin rijiya aka ga ya soma karkata. Gavril ya matso.

"Bade, hannun dama kake yi!"

Kunnen hagun Traian ƙaho ya gama da shi tuntuni. Gavril ya ƙara wa gangar duka don ya ankarar da shi. Traian ya ɗauka yabo ne, ya ƙara sauri.

Fada, limamin cocin, yana tsaye a ƙofar coci da littafinsa. Ya ga ayarin ya doso shi, ya gyara tsayuwa. Ya ga ayarin ya goce a hankali, ya wuce shi, ya shige ƙofar gonar kabejin Todor da ke buɗe. Dangin ango baƙi ne daga bayan tudu. Ɗayansu ya tambayi uban biki ko haka ake yi a nan.

"Wani lokaci," in ji uban biki.

Agwagin Todor suka bi sahu. Traian bai buɗe ido ba sai da ya yi karo da tarin ciyawa. Ya dubi kabeji, ya dubi jama'a, ya hangi hasumiyar coci can bayan kafaɗarsa ta hagu. Izgar ba ta tsaya ba.

"Gavril, wa ya matsar da coci?"

"Ƙafafunka, bade."

Floare ta kutso har inda al'ada ta yarda, wato dab da ƙeyarsa.

"Ubana ya yi shekaru yana kaɗa gogen nan, bai taɓa kai kowa wurin agwagi ba!"

"A zaune yake kaɗawa, Allah ya jiƙansa," in ji Traian. "Duk ƙauyen nan an sani."

Tunda ba halin juyawa, sai aka yi gaba. Todor, wanda ke cikin 'yan biki da sabuwar hularsa, ya cire katako biyu daga shingen bayan gonarsa da hannunsa, yana ambaton kakannin Traian ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaga amarya aka tsallakar da ita, tana dariya har da hawaye. Gavril ya kama bakin rigar Traian ya riƙa jansa hagu kamar mai tuƙa keken doki. Ta bayan maƙabarta aka shiga coci, aka ɗaura aure.

Wurin rawa Traian ya ɗauko mai ƙahon, ya tsaya cak, ya yi kiɗan da ba wanda ya kushe. Floare ta jira ya sauke izga.

"Ƙanwar Anuta, Veronica, za ta yi aure kafin azumin Kirsimeti. Da gogen babana za a kai ta. Ko kai ko Nelu, ban yanke ba."

Washegari Saveta ta ɗaura wa gogen katakon kofaton ƙarfe na doki a wuya don ya yi nauyin mai ƙahon, ta ja layi da toka daga ƙofar kicin zuwa rumbu. Traian ya bi layin, ido rufe, ya isa daidai. Aka canza kofaton da ƙullin naman alade busasshe, sannan da albasa, sannan aka cire komai. Ya isa rumbu ba gargada. Saveta ta fita ta gaya wa makwabta an warke.

Lahadin da ta wuce aka kira Traian bikin baftisma, da mai ƙahon. Ya ja jama'a daga ƙofar coci, ya karkata hagu, ya shiga da su kwatar bakin hanya. Gavril ya ce kiɗan bai yanke ba.

Yanzu Traian yana tafiya daidai da gogen da ba nasa ba, yana kuma goce hanya da nasa. Ya ce zai sasanta ƙafafun kafin ranar auren Veronica. An ga motar Nelu jiya a ƙofar gidan Floare. Ita ta ce ƙwai ya zo saye.