An Soke Jangali, Kawu

"Ka sauke shi, Badaru. Mutumin da ko kunu ba ya zama masa a ciki, ina za shi?"

Inna Hure ce ke yi mini magana daga bakin zaure, ni kuwa na riga na ɗora mijinta a kan jakina. Kawu Bubayero bai ko dube ta ba. Ya riƙe akumari da hannu biyu, kumburarrun ƙafafunsa suna reto.

"Mu tafi," ya ce da ni. "Sun ce in sun ci za su soke jangali. Da kunnena na ji."

Ranar zaɓen gwamna ce, damina ta yi tsakiya. Danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Gafasa, kuma tun ina yaro na san shi da garke. Sai dai duk shekara masu jangali za su zo da dagaci su ƙirga kai, har ɗan maraƙin da aka haifa jiya, shi kuma ya sayar da ɗaya ya fanshi saura. Shekarar fari shanu suna faɗuwa a tsaye, masu jangali ba su fasa zuwa ba. A lokacin ne ɗansa na fari, Hamma, ya ce shi ya gaji. Suka yi sa-in-sa a gaban mutane, Hamma ya kora abin da ya rage ya yi gabas, wai can wajen Adamawa. Kawu ya koma noman gero da gyaɗa kamar mu, bai ƙara ambaton yaron ba.

A firamare, inda ake zaɓen, muka tarar da layi, mutane suka buɗa masa hanya. Na tallafe shi har inda ake dangwalawa, ya fito yana haki. A hanyar komawa kusan kowace inuwa sai mun tsaya.

Daga ranar bai sake fita da ƙafarsa ba. Mun kai shi asibiti a Gaya, aka ba shi ƙwayoyi, muka dawo da shi.

Muna cirar gyaɗa labari ya zo a rediyo. Na yar da fartanya na yi gida.

"Kawu, an soke! Haraji da jangali duka."

Ya daɗe yana kallon jinka.

"To na baya fa? Za su mayar?"

"Ba su ce ba, Kawu."

"Ba za su mayar ba." Ya yi tari, Inna Hure ta gyara masa matashi. "Ran kasuwar Ajingi ka nemi fataken shanu masu zuwa gabas. Su gaya wa wancan an daina ƙirga. Ya dawo da su gida."

"In ce ba ka da lafiya?"

"An daina ƙirga. Iyakar saƙon ke nan."

Da na fito, Inna Hure ta biyo ni zaure. Ita ma ba ta kama sunan ɗan fari.

"Ka ƙara musu da cewa jikin ya yi tsanani," ta ce a hankali. "Ka ce ni na faɗa."

Haka na ba da saƙon, duka biyun.

Daga nan Kawu ya zama mai sauraro. In wani garke ya bi ta burtalin bayan gida, sai ya ɗaga kai daga tabarma, ya kasa kunne har ƙarar kofato ta ɓace, sannan ya mayar da kansa. Wata Juma'a da hantsi, dawa ta fara ja, Allah ya yi masa cikawa. Kafin a tafi masallaci mun kai shi makwancinsa.

Sai bayan girbi Hamma ya iso. A motar kasuwa ya zo, da sanda da ƙullin kaya, ya rame, gemunsa har da furfura. Na kai shi maƙabarta, ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo. A hanyar dawowa na kasa haƙuri.

"Ina ka baro shanun?"

"Waɗanne shanu? Ciwon huhu ya ɗebe su tun shekarar da na je. Na wani nake kiwo." Ya goge fuska da hannun riga. "Da wane ido zan dawo masa?"

Muka shiga gida. Inna Hure ta shimfiɗa masa tabarma nesa da tata, ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Ta ɗauko fura ta dama da ruwa, don babu nono a gidan, ta tura masa ƙwaryar. Ya karɓa da hannu biyu, ya fara sha a hankali.