Wayar Ƙasa a Kwalekwalen Sagiru

Shekara ashirin da biyu na yi ina gyaran rediyon jiragen kamun kifi a tekun Fatakwal. Yau ina Limawa, ba abin da ake kawo mini sai fanka da tocila.

Da ambaliya ta ci gonakin Miga, ɗan ƙanwata Sagiru ya zo ya ɗauke ni. Shi ke kwaso mutane a kwalekwale mai inji, an ba shi rediyon oba-oba, amma da ya ta da inji sai ta kama shuuu.

"Kawu, ko lalatacciya suka ba mu?"

"Lafiyarta ƙalau. Wayar ƙasa ce babu, mai zubar da ɓatacciyar wuta a ƙasa. A jirgi, ruwa shi ne ƙasa."

Na yanko farantin jan ƙarfe kamar tafin hannu, yadda na saba, na kafa shi a gindin kwalekwalen, na ɗaure wayar. Muka ta da inji, ƙarar tana nan. Raina ya ɓaci, na kwance na sake ɗaurawa har sau uku.

Can na tsoma yatsa a ruwan na lasa. Salam, ba gishiri. Ruwan teku ne ke jan wuta da ɗan faranti. Wannan ruwan kuwa sai babban faranti. Na yi awon teku a kan gonar gero.

Muka sa babba, murya ta fito tangaran.

"Kawu, in maida kai tasha?"

"A'a. Kashe injin, ka bar kwalekwalen ya ɗan yi lilo da ni kamar a teku."