Awa Huɗu da Rabi daga Jidda

Malam Rabo ya cika da hantsi ranar Talata, a gidansa na Pauwa, ƙasar Ƙanƙara, ana tsakiyar zafin bazara. Kafin a gama rufe masa ido, ƙanensa Alhaji Salihu ya riga ya buga wa Uwais waya a Jidda, inda yake aikin direba shekara shida.

Hajiya Shafa'atu, matar mamacin, ta kasa zama. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗauki buta ta mayar inda take. Uwais ɗanta ne na fari, saboda haka ko sunansa ba ta kamawa, waya ma sai dai ya gaishe ta ta bakin ƙannensa. Mata sun cika tsakar gida, kowa na jiran ta yi shiru kan maganarsa kamar yadda aka saba.

Alhaji Salihu ya yi sallama, ya tsaya bakin ƙofa da waya a hannu.

"Hajiya, mun yanke shawara za a jira yaron. Jidda zuwa Kano awa huɗu da rabi ne kacal, ga shi nan a waya. Bayan la'asar sai mu kai Yaya."

"Awa huɗu da rabi daga ina, Alhaji? Daga ƙofar ɗakinshi?"

"Daga tashin jirgi mana."

"To ya tashi?"

"Yana neman tikiti."

"Uban gidanshi ya ba shi izinin fita?"

Alhaji ya duba wayar kamar amsar tana ciki. Goggo Rukayya, yayar mamacin, ta ce, "Ke Shafa'atu, yau kuma lissafi za ki koya wa maza? Kowa ya san jirgi ƙiftawar ido ne."

"Ni ma haka aka ce mini, Yaya. Shekarar da na sauke farali kwana biyu muka yi a filin jirgi muna kallonshi ta gilashi. Mu ce ma ya sauka Kano da la'asar. Wane direba zai shigo hanyar Ƙanƙara da yamma a wannan zamani? Ku ajiye Malam cikin zafin nan, ku kuma sa wancan ya biyo hanya da magariba? Biyu kuke so in rasa?"

 Hajiya ta leƙa ɗakin da aka shimfiɗe Malam. Babu wuta tun jiya, wata ƙanwarsa ce ke ta yi masa fifita. Ta dawo, ta sake taɓa butar. Tana son yaron ya ga fuskar ubansa, so irin wanda ba ta da bakin faɗa.

Wayar ta yi ƙara, Uwais ne ke kira. Kafin Alhaji ya kai kunne, ta miƙa hannu. Matan suka dubi juna.

"Kana jina?" ta ce. "Da azahar za a kai shi. Kada ka yi gaggawa. In ka sauka Kano ka kwana, ka kamo hanya da safe."

Muryarsa ta zo daga can.

"Inna, ko fuskarshi..."

"Na duba maka ita, Uwais. Lafiya lau take."

Goggo Rukayya ta rufe baki da mayafi. Aka kai Malam da azahar.

Sai ranar Juma'a Uwais ya iso, da hantsi.