Makullin Ɗakin Na'ura

Farfesan nan ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa sa hannu a aljihun kowa ba. Gumin mutane yake sata.

Shi ne shugaban sashen sinadarai, kuma a duk jami'ar na'ura ɗaya ce ke iya faɗin abin da ke cikin ɗigon jini ko ƙwayar magani. Tana wani ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda, makullin kuma na rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Shi ya sa ake ce masa Mai Makulli. Dokarsa ɗaya ce. Duk wanda zai auna wani abu, sai ya sa sunan Farfesa a takardar binciken da zai buga. Cikin shekara tara sunansa ya hau takarda ɗari da arba'in, aka riƙa gayyatarsa taro yana jawabi a kan haɗin gwiwa.

Matarsa ma ta gaji. Wata safiya yana karyawa ta ce, "Baban yara, wai da makullin nan za a binne ka? Jiya har cikin shayi ya faɗa."

"Da shi kike cin abinci," ya ce, ya goge shi da gefen riga.

Sai ga wata likitar ƙoda. Shekara biyu ta yi tana bibiyar masu jinya sittin kafin ta ɗebi jininsu, tana son ta gano ko wani maganin ciwon gaɓoɓi da suke sha ne ke kashe musu ƙoda. Jinin na cikin firji, kuma ba ya wuce wata shida yana da amfani. Ta shiga ofishinsa ta gaishe shi, ta roƙi kwana goma a na'urar.

"Ba damuwa, 'yata. Sunana na biyu ko na ƙarshe, duk wanda ya yi miki."

"Ranka ya daɗe, in za ka duba aikin tare da mu, na fi kowa murna."

"Ni da ko atishawa ba ni da lokacinta? Ki dai sa sunan."

"To, ba zan rubuta cewa ka yi abin da ba ka yi ba."

Ya yi dariya, ya ce ta kawo buƙatarta a rubuce. Ta kawo. Ya ba ta amsa a rubuce, da hatimi da sa hannu, cewa na'ura ta lalace tun watan uku, ba a sa ran gyara kafin watan takwas. Ta jira, jinin ya lalace, ta zubar da kwalabe sittin da hannunta. Cikin masu jinyar, goma sha ɗaya sun rasu kafin ta sake tara wani jinin ta aika wata jami'a mai nisa. Wasiƙar kuwa ta ajiye ta a aljihun tebur.

Bayan shekara guda wata takarda ta fito a mujalla, ta wasu masu binciken ruwan sha, da sunan Farfesa a ƙarshe kamar kullum. A shafi na biyu an rubuta cewa an yi awon a na'urarsa, daga watan huɗu zuwa watan shida na shekarar da aka ce ta lalace. Likita ta ɗauki mujallar da wasiƙar ta kai wa kwamitin ladabtarwa.

Shugabar kwamitin, wata tsohuwar malamar lissafi, ta shimfiɗa takardun biyu a gabansa.

"Farfesa, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Wannan kuma sunanka ne?"

"Haka ne."

"To, taimaka mini, ni kaina ba ya ɗaukar abu biyu. In na'ura ta lalace, awon nan ƙarya ne. In lafiyarta ƙalau, wasiƙar nan ƙarya ce. Wacce za mu ɗauka?"

Ya sha ruwa, ya taɓa igiyar wuyansa. Ya ce na'ura lafiyarta ƙalau, wasiƙar kuskuren ofis ce.

"Madalla. Tunda awon gaskiya ne, kuma kana cikin masu aikin, gaya mana me aka auna a ruwan."

Ya miƙa hannu zai jawo mujallar. Ta ɗora tafinta a kai.

"A'a, ranka ya daɗe. Ai kai ka rubuta."

Ya ce gishiri. Alhali gubar dalma aka auna.

Kwamitin ya kira sauran masu takardun ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi yadda sunan ya hau. Cikin ɗari da arba'in, guda bakwai aka samu da hannunsa a ciki.

An karɓe makullin a ranar, aka rataye shi a ƙusa kusa da littafin da masu son na'urar za su riƙa rubuta suna su bi layi. An sauke shi daga shugabanci, an rubuta wa mujallu su cire sunansa, an kore shi daga aiki.